Fassarar Baban Yafet a Motar Godogodo

Motar Godogodo ba ta gama fita daga Kafanchan ba direba ya kunna waƙa. Wata mace ce ke rerawa a hankali, tana cewa da tare suke gangarawa rafi, yau ga su ɗaki ɗaya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya.

Keziya na kujerar baya, matse tsakanin buhun citta da wata ɗaliba mai suna Tamar. Mijinta Azariya, tsohon hedimasta kuma dattijon coci, ya kame a gaba kusa da direba. Tun a tasha ya zaɓi wurinsa, bai ko duba inda ta zauna ba. Tana jin ya yi gyaran murya ta san yau kunnuwa sun shiga uku.

"Direba, rage sautin nan," in ji shi. "Ku 'yan zamani waƙa kawai kuke ji, ba kwa fahimta. Rafin nan ƙuruciya ce, ɗakin kuma aure. Laifin na mace ne. Da zarar ta haihu, shi ke nan, ta manta da miji. Ma'aurata nawa na sasanta a coci? Sirrin aure shi ne kulawa."

Keziya ta zuba wa ƙeyarsa ido. Wai kulawa! Mutumin da a da yake tuƙo keke daga Kagoro cikin ruwan sama don kawai ya gan ta a wajen koyon waƙar coci, yanzu tuwo ma da rediyo a kunne yake cinsa. In ka ji ya kira ta, to tabaransa ne ya ɓata. Ga shi nan yana kaɗa yatsa, kai ka ce fasinjojin 'yan aji uku ne.

Tamar ta ce, "Mama, ke me kika gani a waƙar?"

"Ni ban yi boko ba, 'yata," in ji Keziya. Sai ta ɗaga murya. "Baban Yafet, kada ka waiwayo. Wane zane na ɗaura yau?"

Azariya ya gyara zama.

"Wace irin tambaya ce wannan, Maman Yafet?"

"Tare muka fito gida."

"Ankon zumuntar matan coci mana."

Wani a tsakiya ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Kore ne jikinta, wanda ƙanwarta ta aiko mata daga Jos. Direba ya ƙara sauti ba tare da neman izinin kowa ba.

A Godogodo Azariya ya riga kowa sauka. Ya nufi gidan bikin da suka zo dominsa, yana mitar cewa mutanen yanzu ba su da tarbiyya. Keziya ba ta bi shi ba tukuna. Ta tsaya wajen mai gasa masara, ta zaɓi mai laushi guda, ta cinye abarta a tsaye.