Mutumin da Na Miƙa Musu

Ni da kaina na kwanta a kan wanda ya kashe Yayana don kada a kashe shi. Duk wanda ya ji sai ya ce ko waliyyi ne ni ko mahaukaci. Ko ɗaya babu. Mai walda ne ni, wanda ya cika sauraron shirin shari'a a rediyo, har 'yan layinmu suka laƙaba mini Lauyan Bakin Titi.

Da hantsi ne abin ya faru. Yaya kafinta ne, shagonsa na kallon nawa, amma kafinta guda kullum ba shi da filaya sai tawa. Ya tsallako zai ara, wata baƙar mota ta kwaso da gudu ta ɗebe shi ta watsar, ta je ta daki turken lantarki. Kafin in isa wurinsa rai ya yi halinsa. Ina ɗagowa na ga an fizgo direban, wani ya mirgino taya, wani yana ihun a kawo fetur.

Ban san lokacin da na faɗa kansa ba. Sanduna suka riƙa sauka a bayana, ni kuwa ina ihu, "Akwai hukuma! Akwai kotu! Ɗan'uwana ne, duk cikinku wa ya fi ni jin zafi?" Fuskata na kan fuskarsa. Saurayi ne jajir, mai wushirya, an zana masa gemu da reza, yana ƙamshin turare mai tsada, ya kuma jiƙa wandonsa. Sai cewa yake, "Baba ka cece ni." Wannan fuskar ko a cikin kasuwa na hango ta ba zan ɓata ba.

Da hannuna na kai shi ofishin 'yan sanda. Sajan ɗin da ya karɓe shi, wani mai tumbi da gashin baki, har hannu ya ba ni. Ya ce, "Malam, da kowa irinka ne da mun huta." Wallahi na ji daɗin maganar nan, ga gawar ɗan'uwana ko wanka ba a yi mata ba.

Matar Yaya ba ta zage ni ba, ita da a da ba ta da aiki sai tsokanata. Bayan an watse daga makoki ta kira ni bakin ƙofa, 'ya'yanta na maƙale da zaninta, ta ce, "Ka tabbata za su hukunta shi?" Na bugi ƙirji na ce mata doka ba ta san ɗan wane ba.

Daga nan muka shiga zarya. Yau alƙali ya tafi taro, gobe babu motar da za ta kawo wanda ake tuhuma, jibi lauya ba shi da lafiya. Ko sau ɗaya ba mu sa direban a ido ba. 'Yan layi kuwa duk suka ƙi zuwa shaida. Mai facin layinmu ya ce mini, "Kai ka hana mu, Lauya, sai ka je ka ƙarasa." Na zama ni kaɗai ne wanda ya gani da ido.

Ranar da aka ce lallai za a zauna, muka samu benci na biyu, ni da matar Yaya. Fankar sama na ta ƙugi saboda reshenta ɗaya ya lanƙwashe, ina kallonta ina cewa aikin minti kaɗan ne. Aka kira ƙara, ƙofar gefe ta buɗe, aka shigo da wani dattijo ramamme, baƙi, kansa duk furfura, yana jan silifas. Na ɗauka wata ƙarar ce, sai da aka tsayar da shi a akwati aka karanto sunan Yaya.

Matar Yaya ba ta taɓa ganin direban ba. Ta damƙi hannun rigata ta ce, "Shi ne ko? Allah ya isa tsakanina da kai, tsohon banza."

Da aka tafi ɗan hutu na tari mai gabatar da ƙara a baranda. Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure, ba shi ba ne."

Ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce, "Direban gidan masu motar ne, sun ce shi ke tuƙi ranar. Ka ce shi ne, a ba shi 'yan shekaru, baiwar Allah nan ta samu sanyi. In ka ce ba shi ba ne, ba ni da wani shaida, ƙara ta mutu. Zaɓi naka."

Aka koma. Sajan mai tumbi ya hau, ya rantse, ya nuna dattijon da yatsa, ya ce wannan ne aka kawo masa ranar. Mutumin da ya ba ni hannu! Kai, da ina riƙe da guduma a lokacin, da yanzu ni ake ɗage wa zama.

Sai aka kira ni. Na rantse. Mai gabatar da ƙara ya ce in dubi wanda ke cikin akwati, shi ne ya tuƙa motar? Dattijon ya ɗago ya dube ni, ya ɗan gyaɗa kai, wato in ce e. A nan na gane an riga an gama ciniki da shi. Matar Yaya kuwa ta zuba mini ido daga benci.

Na ce, "Ya Mai Shari'a, ba shi ba ne. Wanda na miƙa musu saurayi ne, fari, mai wushir..."

Alƙali ya ce, "Wanda ke gabanka aka tambaye ka." Ya sunkuya ya yi ta rubutu. Lauyan dattijon ya miƙe yana gyara riga, ya yi magana a taƙaice. Alƙali ya ce tunda shaida ɗaya tilo bai gane wanda ake tuhuma ba, an kori ƙara. Aka kira ta gaba, rikicin wata katanga.

A waje dattijon ya wuce ta gabana, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ka cuce ni, bawan Allah. Sun ce za su riƙe mini iyali in na zauna gidan yari." Ya tafi yana jan silifas ɗinsa.

Na sami matar Yaya a bakin titi tana jiran mota. Na fara yi mata bayani, cewa akwai ɗaukaka ƙara, akwai inda ake kai koke, na ji a rediyo. Ta bar ni har na gaji na yi shiru. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tsayar da mota, ta sa ƙafa ɗaya, sannan ta waiwayo.

Ta ce, "Sau biyu ke nan kana sakinsa."