Ranar da Hajjo Ta Ƙi Amsa Sunanta

"Maimuna! Maimuna Maliki!" Malama Harira ta kira karo na uku. "Maman yarinya, anya tana ji kuwa?"

"Tana ji, Malama," in ji Delu, "har wanda ba a so ta ji."

Gurbi ɗaya ya rage a ajin 'yan nazare na makarantar nan ta Hayin Banki, kuma sai an gwada yaro kafin a ɗauke shi: ko yana gaisuwa, yana amsa sunansa, yana iya hira da mutane. Ita kuwa 'yar shekara huɗun ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar takalminta, kamar da bango ake magana.

"To, ke kira ta da sunan mu gani."

Sunan surukar Delu aka sa wa yarinyar, ga ta kuma 'yar fari. Tunda aka kai Delu gidan Maliki, sunan nan bai taɓa hawa harshenta ba. Ta buɗe baki, ƙarshe abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke wance!"

Malama ta girgiza kai, ta kai biro kan layin da ke cewa a dawo baɗi. Idanun Delu suka ciko.

"Na ƙarshe ke nan. Maimuna!"

Sai yarinyar ta miƙe, ta tako har gaban tebur, ta durƙusa.

"Ina kwana, Malama? Ina gajiya? Ya yara?" Ta waiwaya hagu da dama, ta yi raɗan da har masu jira a baranda suka ji. "Ki daina faɗar sunan Hajiya gatsau haka. Ko Babana ba ya faɗa. Ni Hajjo ake ce mini. Ke ba a koya miki a gida ba?"

"Na shiga uku!" Delu ta ja mayafi ta rufe fuska. "Malama, don Allah ki yi haƙuri."

Malama Harira ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Da ta ɗago, ta bi takardar tana soke abin da ta rubuta.

"Tuba nake, Hajjo, ba zan ƙara ba." Ta ɗaga murya yadda na baranda za su ji. "Gurbi ya cika! Na ɗauke ta, kuma daga Litinin ita za ta koya wa ajina gaisuwa."