Kukan Fanka a Kaset ɗin Baba

A gidansu Injiniya suke ce masa, ba don ya karanci komai ba. Sau ɗaya ya taɓa gyara dutsen guga yana saurayi, sunan ya bi shi har furfura. Aikinsa na gaskiya sayar da tayil ne.

Yanzu yana durƙushe a bayan teburin kwamfuta, gwiwa na ciwo, yana zagin wata siririyar waya mai jan haske a baki. Ita ke ɗauko sauti daga katin sautin kwamfutar ta kai wa amfilifayar falo, na'urar ƙara sauti. A kan doguwar kujera Inna na zaune da jakarta a cinya. Yaya, babbar yayarsu, ta zo ɗaukar ta, mota na waje, gari kuma da nisa. Inna ta ce ba za ta tashi ba sai ta ji muryar Baba.

Kaset ne Baba ya aiko mata tun suna yara, lokacin da yake aiki a wata ƙasa. Bayan rasuwarsa ta yi ta saurare har zaren ya fara laushi. Injiniya ya karɓe shi da alƙawarin zai juye a kwamfuta, ya kuwa juye, washegari tsohuwar rediyon ta tauna zaren ta tsinka shi. Abin da ya rage na muryar Baba a duniya yana cikin wannan akwatin da ke hura masa zafi a fuska.

Ya koma kujera ya danna. Muryar ta fito tas, ba ƙura ba ƙasa.

"...ina lafiya, aiki da godiya." Shiru. Amfilifaya ta yi ƙas. "...ki kula da ƙafar nan taki." Shiru. Ƙas.

Baba mutum ne mai jan numfashi tsakanin magana, kuma duk lokacin da ya ja, sai na'urar ta haɗiye farkon abin da zai faɗa.

"Wannan ba shi ba ne," in ji Inna.

"Shi ne mana, Inna. Ba ga muryarsa ba?"

"Bai taɓa buɗe baki bai ce Shugaba ba. Wannan wani ne mara tarbiyya."

Shugaba Baba ke kiran ta, a gaban baƙi ma. Sunan ne kuwa na'urar ke cinyewa, kowane karo.

Injiniya ya sa abin ji a kunne, ya saurara daga kwamfutar kai tsaye. Komai na nan, har da Shugaba. Ya miƙa wa Inna, ta ture hannunsa. Kunnenta ɗaya ya mutu, ɗayan da na'urar asibiti a ciki, ba za ta cire ba. Ramin da ake sa wayar sifika ta gargajiya kuwa shi da kansa ya karya shi bara, yana gyaran abin da bai lalace ba.

Ya cire wayar hasken ya hura mata iska, ya mayar. Ƙas. Ya sauke manhajar katin ya sake ɗorawa, kwamfutar ta ce ya jira, ta kuma ce ya jira. Ya shiga saiti ya sauya lambobin saurin sauti daga wannan zuwa wancan, bai san me suke nufi ba, amma ya sauya su da ƙarfi. Ƙas. Ya kwance murfin akwatin, ya zare katin, ya goge haƙoransa da gefen riga, ya danna shi har sai da ya yanke a yatsa.

"Injiniyan gidanmu," Yaya ta ce tana duba agogo. "Mu kira mai gyara, ko mu kira likita?"

"Yaya, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni."

"Ai na bar ka. Kaset ma an bar maka, ga inda muke."

Ya buga waya shagon da ya sayi katin. Mai shagon ya tambaye shi ko ya kashe ya kunna. Injiniya ya gaya masa abin da zai kashe idan ya iso shagon, ya ajiye wayar, Inna ta ce ya ji kunya.

Ya sake dannawa, don ba shi da sauran dabara. Inna ta karkato da kunnenta mai rai.

"Ina fankar?"

"Wace fanka kuma?"

"Ta ɗakinsa. Tana kuka ƙyar-ƙyar tun daga farko har ƙarshe. Da ita nake sanin yana nan ko ya yi shiru."

Nan Injiniya ya ɗan gyara zama, don a wannan fannin yana da abin faɗa. Ya bayyana mata yadda ya zauna ya wanke sautin, ya cire shuu ɗin kaset, ya cire fankar, ya share duk wani shiru har ya zama shiru na gaske, irin na kamfani.

"Wa ya sa ka?" in ji Inna.

Idon Injiniya ya sauka kan amfilifaya. Akwai wata 'yar koriyar fitila a goshinta. Baba na magana, tana kunne. Baba ya yi shiru, ta mutu. Baba ya dawo, sai ta yi ƙas, ta yi ɗan lalube kafin ta kama. Shirun da ya wanke ya yi tsabta har na'urar na ɗauka an gama, ta kwanta barci, kafin ta farka Shugaba ta wuce.

Ya zagi kati, ya zagi waya, ya zagi mai shago da iyayensa, yanzu ga mai laifin zaune a kujerarsa da jini a yatsa, kuma ba ya zaguwa a gaban Yaya.

Juyin farko, wanda bai taɓa ba, ya sa masa suna Datti ya jefa a kwandon sharar kwamfuta. Bai tuna ko ya zubar da kwandon ba. Ya buɗe. Yana nan. Lalacinsa ne ya cece shi, wannan kuma bai gaya wa kowa ba.

Ya danna. Shuu ya cika falon, fanka ta kama kukanta, koriyar fitila ta tsaya cak.

"Shugaba," in ji Baba. "Ina lafiya, aiki da godiya."

Inna ta sauke jakar daga cinya ta ajiye a ƙasa. Yaya ta daina duba agogo. Fanka ta yi ta juyawa, Baba ya ja numfashinsa son ransa.

"Shugaba, yaron nan kuma, ki hana shi taɓa rediyona kafin in dawo."

"Na hana," Inna ta ce wa sifikar. "Bai ji ba."