Jitar da Maijidda Ta Zaɓo

Wata takwas ke nan Munzali yana kwance, kuma a duk tsawon lokacin bai taɓa buɗe baki ya ce yana son wani abu ba. In matarsa Maijidda ta kawo koko ya sha, in ta kawo tuwo ya yi loma uku ya ce ya ƙoshi. Da can direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Daura da Kongolam. Ranar da tayar gaba ta fashe masa a hanya, motar ta wuntsila sau biyu. Likitoci a Katsina suka ce lakar bayansa ta taɓu. Ƙafafu suka daina aiki gaba ɗaya. Hannun dama ya dawo daidai, na hagu kuwa yana motsi amma ba ƙarfi.

Wata rana da hantsi Maijidda tana ɗura zoɓo a robobi, sana'ar da ke riƙe da gidan yanzu, sai ta ji muryarsa daga ɗaki.

"Maijidda, da zan samu jita."

Ta ajiye mazurari ta leƙa. "Me ka ce, Baban Rahama?"

"Jita. Akwai wani Buzu mai shayi a tashar Kongolam, in muna jiran mota ta cika sai ya ɗauko tasa ya yi ta kaɗawa. Kullum ina cewa zan koya. To ga shi yanzu ba abin da nake da shi sai lokaci." Ya kau da kai wajen bango. "Irin wadda ba ta son wuta, ba ta son lasifika, katako ne kawai da waya. Kada ki nemi mai tsada. In babu hali ki manta na faɗa."

Ba ta manta ba. Akuya ɗaya ta rage mata, ta ba yayanta ya kai kasuwa. Ta yi kwana uku tana tambayar masu sarin zoɓonta inda ake sayar da jita a garin nan. Wasu suka yi dariya, wata ta ce ai sai Kano. A ƙarshe wani mai shago ya kwatanta mata rumfar Ɗantsoho kusa da tasha, mai ba da hayar lasifika a wajen biki, yana kuma gyaran rediyo.

Ranar da za ta, ta yi wa Munzali wanka, ta juya shi gefen dama, ta ajiye masa ruwa da waya kusa da hannunsa, ta zura hijabi ta tari mai adaidaita.

Ɗantsoho dattijo ne mai tabarau, yana zaune cikin tarin wayoyi da tsofaffin rediyo. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya dube ta ta saman tabarau, bai tambaye ta komai ba. Ya shiga ciki ya fito da jita uku, ya jera su a kan benci.

Ta farko sabuwa ce fil, ko ledarta ba a cire ba. Da ya faɗi kuɗinta, Maijidda ba ta sake dubanta ba. Ta biyu babba ce baƙa, tana ta sheƙi, wayoyinta na ƙarfe. Ya ce wani malamin makaranta ne ya sayar masa da aka yi masa canjin wurin aiki. Ta uku 'yar ƙarama ce ruwan ƙasa, fentinta ya kwaile a gefe, wayoyinta kamar na roba. Kuɗin akuyar zai iya sayen ko wacce a cikin biyun.

"Malam, wacce ta fi kyau ga wanda bai taɓa kaɗawa ba?"

"Hajiya, tsakani da Allah ni ba makaɗi ba ne. Ki kawo mini rediyo in gaya miki ciwonta. Waɗannan kuwa suna nan ne kawai, in mai so ya zo ya duba da kansa. Ina mai ita? Ya zo ya riƙe ya ji wadda ta zauna masa a hannu."

"Ba zai iya zuwa ba," in ji ta.

Ɗantsoho ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Ta tsuguna gaban bencin. Ta taɓa baƙar, ta taɓa ƙaramar. Da tukunya ce da ta ƙwanƙwasa ta ji in tana da tsaga. Da atamfa ce da ta murza bakinta ta san ko za ta zuba. Wannan kuwa ba ta ma san ina ake dubawa ba. Ta leƙa cikin ramin da ke tsakiya, ba ta ga komai ba sai ƙura da wata takarda mai rubutun da ba ta gane ba.

Sai ta kira Munzali a waya. Ta ce ga su guda biyu, za a kaɗa masa ya ji. Ɗantsoho ya ja babban yatsa a kan baƙar, ta kara wayar. Ya ja a kan ƙaramar, ta sake karawa. A daidai nan mai walda na kusa ya tayar da janareta, 'yan kamasho suna ta kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya.

"Ka ji?"

"Na ji ƙara dai. A sake."

Aka sake, har sau uku. Can ya ce, a hankali, "Duk ɗaya nake jin su. Ki ɗauko wadda kika ga ta dace." Ya kashe.

Ta daɗe da wayar a hannu. Ƙaramar ta fi araha, ba ta da nauyi. Amma da ta tambaya, Ɗantsoho ya ce yana jin irin ta yara ce, don wani ya taɓa tayawa zai kai wa ɗansa. Kalmar nan ta tsaya mata a rai. Mutumin da ake yi wa wanka, ake ɗaga shi ake kwantarwa, masu zuwa dubiya suna yi masa magana da lallami kamar yaron goye, shi za ta shiga ta miƙa wa kayan wasan yara? Ta nuna baƙar.

Da ta shigo da ita ɗaki, fuskar Munzali ta yi wani haske da ta daɗe ba ta gani ba. Ta tayar da shi, ta jera masa matasan kai a baya, ta ɗora masa jitar a cinya. Nan aka fara samun matsala. Cikinta ya yi faɗi, ta tokare masa ƙirji, sai da ya ɗaga kafaɗa sosai kafin hannun dama ya kai ga wayoyin. Ya daure. Ya kai hannun hagu ga wuyanta, ya ɗora yatsu yadda yake ganin Buzun nan yana yi, ya danna. Wayar ba ta sauka ba. Tsakaninta da katakon akwai rata, ƙarfen kuma ya yi tauri. Ya ciji leɓe ya sake dannawa har hannun ya ɗauki rawa. Ya kaɗa da dama. Wani busasshen sauti ya fito, kamar an ja cokali a bayan kwano.

Ya gwada yatsa na biyu, ya gwada na uku. Gumi ya karyo masa a goshi. Maijidda tana tsaye riƙe da ƙofa, ba ta san ko ta matso ba ko ta fita.

"Bari in mayar," ta ce. "Akwai wata ƙarama, wayoyinta sun fi laushi. Ni ce ban iya zaɓe ba."

"Ba jitar ba ce," ya ce, yana duban tafin hannunsa. "Hannun ne."

"Ba ka gwada waccan ba."

"Ki bar ta, Maijidda. In aka kawo waccan ita ma na kasa, sai kuma mu ce me?"

Ta ɗauke jitar ta jingina a jikin gado. Ya ce ta kwantar da shi. Ranar ko loma ukun bai yi ba.

Washegari da ta gama rarraba zoɓo, ba ta gaya masa ba, ta wuce rumfar Ɗantsoho. So take ta roƙe shi ya ba ta aron ƙaramar na yini ɗaya, ko ya faɗa mata in ana iya sassauta wayoyin baƙar. Ta tarar da rumfar a kulle da kwaɗo. Mai walda ya ce ya tafi Mashi da lasifikoki, bikin 'yar wani ɗan kasuwa ake yi, sai bayan kwana huɗu. Ta tambaye shi ko ya san wani a garin nan da ya iya jita. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya yi tunani, ya ce akwai wani ɗan bautar ƙasa bara, amma ya gama ya tafi.

Ta koma gida a ƙafa, kular zoɓon a kai. Tana shiga zaure ta ja ta tsaya. Daga ɗaki sautin jitar yake fitowa. Waya ɗaya, sai shiru har ƙararta ta mutu, sannan ta kusa da ita. Ba ya danna komai, da hannun dama kawai yake taɓa su yana kwance, daga mai kauri har zuwa siririyar, sannan ya koma farko. Ba waƙa ba ce, ba ta kama hanyar zama waƙa ba. Yadda ya yi ya jawo jitar kan gado shi kaɗai, ba ta sani ba.

Ta sauke kular a hankali, ta zauna a kan turmi a tsakar gida. Ta san in ta shiga zai daina. Ta zauna har inuwar katanga ta iso ƙafarta, tana tunanin ko za ta koma wajen Ɗantsoho bayan kwana huɗun, ko kuwa ta bar shi da abin da ya roƙa a bar masa. Ta juya abin ta kowace fuska, ba ta samu matsaya ba.

Sautin ya tsaya.

"Maijidda, ke ce?"

"Ni ce."

"Zo ki juya ni, bayana ya gaji."

Ta tashi ta wanke hannu, ta shiga.