Amper Biyu a Bakin Rijiya

…arba'in da takwas. Na sake ɗora wayoyin na'urar awon wuta — bolt arba'in da takwas ɗin dai. Pannon rana, farantin da ke ba pompo wuta, ba shi da laifi ke nan, Baba. Rana tana tsaka, tana zuba masa abin da yake so. To kuran fa, wutar da ke gudu cikin waya? Amper biyu. Biyu kacal.

Kaina ya yi nauyi. Tun safe nake durƙushe bakin rijiyar nan da ka haƙa cikin kwari, rairayi yana cin gwiwata. Ga shanu can gindin dabino, sun daina ma kuka. Yayana Hamma Bubakar yana tsaye cikinsu, ya rataya sanda, ni yake kallo. Ƙanwarsa da ta yi lakkwal, karatun boko, a Gure, ai ita za ta gyara pompo… haka ya gaya wa mutane a Kelle.

Tansiyo, wato bolt ɗin nan, sau kuran, shi ne ƙarfi. Arba'in da takwas sau biyu — wat tasa'in da shida. Ranar da na saka pompon nan amper shida yake ja, wat ɗari biyu da tamanin da takwas, ruwa yana tsalle daga bakin tiyo, kai kuma kana dariya, ka cire rawani ka tara kanka kamar… Wayyo Baba. Da kana raye me za ka ce yanzu?

Tansiyo a raba da kuran, shi ne turjiya. Muryar malaminmu Mushe Burahima ke nan, alli a hannu, zafin aji, ƙuda a kan allo: «Amatullahi, lissafi ba ya jin tausayi, ki rubuta abin da kika gani.» Arba'in da takwas a raba biyu, om ashirin da huɗu. A da, om takwas ne. Me ke tare hanya? Tsatsa? Waya ta tsinke ciki? Allah Ya sa waya ce. Waya ai ana canzawa… Na bi ta, na kankare kowane ƙulli, na auna can na auna nan. Ba inda tansiyo ya faɗi. Ko bolt ɗaya.

Nene, mahaifiyata, ta ce albasarta ta fara kwantawa don ƙishi. Da safe ta miƙo mini fura, ta ce «Allah Ya ba ki sa'a, 'yata.» Ban sha ba. Tana nan cikin ƙwarya, ta yi ɗumi.

Da injin pompon ne ya ƙone, da kuran ya hau, ko ya tsaya cik. Wannan kuwa juyawa yake — na kara kunne a bututu, ina jin sa, siririyar ƙara, sakayau… Jaki in an sauke masa kaya ai ba ya nishi. Pompon da ba ya jan kuran, ba abin da yake ɗagawa. Ba abin da…

A'a. Bari in sake aunawa. Na ɗora wayoyin. Biyu.

Iska yake sha, Baba. Ruwan ne ya sauka ya bar shi a rataye. Wace waya zan canza wa wannan? Wane lissafi aka koya mini na rijiyar da ta…

«Amatullahi, in koro shanun su sha?»

Hamma ne. Har ya ɗaga sanda, farar saniyar ta miƙe, sauran suna bin ta. Ya kamata in tashi. Ya kamata in kashe pompon kafin ya ƙone a banza, in buɗe baki in ce masa… Ban tashi ba. Suna tahowa.