Tsakuwa Goma a Kan Dausayi

Ni mai haƙa rijiya ne. Shekara arba'in da 'yan kai ina shiga ƙarƙashin ƙasa, na yi aikin har a garuruwan da ban iya yarensu ba, na dawo gida na ci gaba. A unguwannin da ke gefen koginmu, rijiya ashirin da uku hannuna ne ya haƙa su. Boko kuwa aji uku na yi, sunana kawai nake rubutawa, shi ma sai na natsu.

Bara waccan hukumar ruwa ta kira taro. Suna son jan hanyar ruwa daga kogi zuwa sababbin gonakin rani, kuma hanya mafi kusa ta cikin dausayin da ke bayan unguwarmu take, wanda kogi ke cikawa duk damina. Za a tsotse shi, a cike shi da ƙasa. Ni an gayyace ni ne cikin dattawa, irin waɗanda ake zaunarwa a gaba don hoto. Uwargidana ta goge min riga, ta ce in je in dawo da bakina a rufe.

A wani aji na makarantar firamare aka yi taron, muka matse a kan bencin yara, gwiwoyinmu har ƙirji. Injiniyar da ta zo yarinya ce sa'ar 'yar autata, da takalmin aiki da taswira a hammata, shi ya sa muka sa mata Mai Taswira. Ta shimfiɗa hotuna shida a ƙasa: kifi, gona, saniya tana shan ruwa, motar yashi, masu wanki, sai dausayi. Ta ba kowa tsakuwa goma, ta ce ya ɗora a kan abin da ya fi amfana da shi a kogin. Abin da ya samu kaɗan, shi hukuma za ta iya taɓawa.

Shugaban manoma, wanda muke kira Mai Tumatir, ya zube nasa a kan gona, bai ko sunkuya ba. Makiyayi ya raba tsakanin saniya da gona, don yana son harawa. Taubashina, babban masunci, ya jera goma a kan kifi yana ƙirgawa da ƙarfi. Mutum talatin suka wuce, hoton dausayi ko ƙwaya ɗaya babu. Ban ga laifinsu ba. An tambaye su abin da suke ci ne, kuma ba wanda ya taɓa cin dausayi. Sauro ne a ciki da kwaɗi da doguwar ciyawa.

Da layi ya zo kaina, na durƙusa na ajiye goma ɗin nan duka a kansa. Aji ya kwashe da dariya.

"Ashe kwaɗi ma sun turo wakili," in ji taubashina.

Na ce masa gara ni, waɗanda suka aiko ni suna raye, shi kuwa nasa kullum a kwando suke. Mai Taswira ta jira aka gama dariya, sannan ta tambaye ni dalili. Na gaya mata dausayin nan shi ne randar unguwa. Yana shan ambaliya da damina, ya riƙa ɗura wa ƙasa a hankali har ƙarshen rani. In aka cike shi, rijiyoyina za su mutu ɗaya bayan ɗaya. Mai Tumatir ya ce wannan zancen tsofaffi ne, ruwan rijiya daban, na kogi daban.

"Baba, maganarka ta shige ni," in ji ta. "Amma shugabannina awo suke karantawa, kuma ofishinmu bai taɓa auna rijiya ko ɗaya a nan ba. Ranar Litinin zan miƙa rahoto."

Na ce ta zo gidana gobe da hantsi. Na kuma roƙi Mai Tumatir ya rako ta, wai don ya ga ƙaryata da idonsa. Na san ba zai ƙi wannan ba. Abin da ya manta shi ne, rijiyar da iyalinsa ke sha ni na haƙa ta, ita ce ta tara a lissafina.

A ɗakin baya na gidana akwai ƙusoshi ashirin da uku, kowace da igiyarta. Duk shekara in rani ya kai tsakiya ana kirana yashe rijiyoyi. Kafin in shiga, sai in zura igiyar wannan rijiyar da dutse a bakinta. Inda dutsen ya taɓa ruwa, in ƙulla ƙulli daidai bakin rijiya, in soka ɗan ƙyalle a ciki. Ba don wata hukuma nake yi ba, don in san zurfin da zan shiga ne. Uwargida ta tsani igiyoyin nan. Ta ce gidan ɓeraye ne, sau biyu ina kama ta za ta yi shanya da ɗaya.

Da safe na fito da su, na miƙe su a kan titin ƙofar gida, duwatsun a layi ɗaya. Kafin baƙin su iso maƙwabta sun taru, har taubashina ya zo kallon yadda zan ji kunya.

Na fara nuna mata guda shida na bayan tashar mota. Can ma da akwai ɗan ƙaramin dausayi, aka cike shi aka yi tashar. A farkon igiyoyin ƙullin a cure suke, daga nan sai suka fara tafiya, kowane ya ba na bayansa kamu ɗaya ko biyu, har igiya ta ƙare na yi mata ƙari. Uku a ciki ba su da ƙullin bana, domin rijiyoyin sun zama ramin shara. Sannan na nuna mata sha bakwai na gefen babban dausayi. Ƙullin shekara talatin a manne da juna kamar carbi, tafin hannu biyu zai rufe su.

Yarinyar nan ta durƙusa a kan ƙasa da wandonta mai tsada, ta zaro abin awonta. Sai ta ɗago ta tambaye ni wane ƙulli ne na wace shekara, don in babu shekara awon ba zai tsaya ba. Nan fa na fara lalube. Na ce wannan na shekarar da babban ɗana ya yi aure ne.

"Ba shi ba ne, Malam," in ji uwargida daga bakin ƙofa. "Wannan ƙyallen zanen goyon auta ne. Na auren shi ne koren can."

Ashe duk ƙyallayen da nake tsinta a kwandon ɗinkinta ta san su ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da mayafinta, ta bi igiya tana faɗa, Mai Taswira tana rubutawa: wannan na shekarar da aka kawo wuta, wannan na rasuwar gyatumarta, wannan rigar da ta nema wata guda ba ta gani ba. A wajen nan ta tsaya ta kalle ni, ni kuwa na duƙufa kan gyaran wani ƙulli. Da suka kai inda ƙullin bayan tasha suka fara gudu, shekarar ta faɗo daidai da ginin tashar.

Mai Tumatir ya matso kusa da igiyoyin. Ya tambaya wacce ce tasa, na nuna masa ta tara. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya je ya tsaya a kan na rijiyoyin da suka mutu. Taubashina ya yi gyaran murya, ya ce gaskiya ƙananan kifi daga cikin ciyawar nan suke fitowa in ruwa ya fara ja, ya sani tun yana yaro, hoton kifin ne ya ruɗe shi. Na ce ai dama ba yau aka fara kama shi da ƙugiya ba.

Rahoton ya tafi da hoton igiyoyina a shafin farko. Wata huɗu ana ja. A ƙarshe aka karkata hanyar ruwan ta zagaye dausayi, sai ɗan gefensa na gabas da aka yanka. Manoma sun rasa noman rani guda saboda jinkirin, kuma har yau in Mai Tumatir ya gaishe ni sai ya haɗa da wannan. Mai Taswira ta so ta kai igiyoyin ofis ta rataye. Na ce a'a, aiki suke yi. Ta ba ni abin awo irin nata, yana nan a cikin kwalinsa.

Makon jiya na je yashe ta tara. Na zura igiya, dutse ya taɓa ruwa, yatsana ya sauka a kan ƙullin bara. Mai Tumatir yana tsaye a kaina, ya leƙa, ya ce to. Na laluba aljihu na ciro ƙyallen bana. Wannan karon ba tsinta na yi ba, uwargida ce ta yanko min da almakashinta daga sabon zaninta.