Ƙarar da Malam Sammani Bai Ji Ba

Malam Sammani yana kwance a ƙarƙashin motar lokacin da ya hango baƙar toka a mahaɗar salansa, daidai ƙasan kujerar gaba. Ya shafa da yatsa, ya duba.

Motar ta Rukayya ce, malamar gona da ke zagaya gonakin shinkafa tsakanin Kura da Bunkure, mota ce irin doguwar nan mai shiga taɓo. Kwana takwas da suka wuce ta kawo ta garejinsa, ta ce tana jin ƙwas-ƙwas a ƙafar gaba, da wani huci kamar na kumurci idan ta taka. Suka zagaya tare, ya ɗaure noti biyu, ya ce ƙalau take. Shekara talatin yana gyaran mota a Kura, wa zai yi masa musu?

Gaskiyar ita ce bai ji komai ba. Tun bara kunnensa na hagu ya mutu, na daman ma yana bin sahu, kuma ko matarsa bai gaya wa ba.

Yau da hantsi Rukayya ta dawo, fuska ba walwala. Da safe ta rage wa wata tsohuwa mai tallan nono hanya, Iya Tambaya, ga ruwan sama ya sa sun rufe gilasai. Kafin su fito titi tsohuwar ta yi ta amai, ta langaɓe a kujera. Yanzu tana asibiti ana ƙara mata ruwa.

Ya fito daga ƙarƙashin motar, ya cusa tsumma a bakin salansar, ya kwaɓa ruwan sabulu ya yayyafa a mahaɗar.

"Tayar da ita, 'yata."

Tana tayarwa kumfa ta yi ta tashi ɓul-ɓul. Hayaƙin ta nan yake fita, ya bi wata 'yar ɓula a ƙasan motar ya shige ciki.

Fatihu mai walda, maƙwabcinsa, ya leƙo yana goge hannu. "Kai, Malam! Ai wannan hucin tun daga rumfata nake jin sa."

Sammani ya koma kan ƙwas-ƙwas ɗin ƙafar gaba. Ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya kama tayar hagu sama da ƙasa ya girgiza. Ta yi lakwaf a hannunsa. Ya zura ƙarfe ƙarƙashinta, ya ce Fatihu ya riƙa ɗagawa, shi kuma ya ɗora tafinsa a kan bol-jon, gaɓar da ke riƙe da ƙafar. Duk ɗagawa sai ya ji bugun a cikin ƙashin hannunsa. Robar da ke rufe gaɓar ta yage, laka ta cinye ƙarfen, saura ƙiris ya zare. Ya tuna yadda hanyar bakin kanal ɗin ban-ruwa take, ƙunci, ga ruwa cike a gefe. Kwana takwas yarinyar nan tana bin ta a kan maganarsa.

"Baba, me ka gani?" Rukayya ta durƙusa kusa da shi.

Zai iya cewa sabuwar matsala ce, hanyar damina ce ta jawo, kuma za ta yarda. Ya ɗauki tsumma yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba su da dauɗa.

"Ba yau ta lalace ba," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ran da kika kawo ta ma haka take. Ke kin ji, ni ne ban ji ba. Kunnen ya tafi, Rukayya. Na ji nauyin in faɗa."

Fatihu ya ajiye ƙarfen a hankali, ya koma rumfarsa kamar wanda aka kira.

Rukayya ta miƙe tsaye. "Da ka gaya min, Baba. Matar nan a hannuna ta kusa cikawa."

"Na sani."

Bai yarda kowa ya taɓa aikin ba. Ya canza bol-jon ɗin, ya sa sabon gaskit da zai liƙe mahaɗar salansar, ya toshe ɓular, bai ko tsaya cin abinci ba. Bayan la'asar ya wanke hannu, ya tsaya a gabanta yana murza hularsa.

"Sai an gwada ta a hanya. Ki zauna kusa da ni. In kin ji wani abu, ki taɓa kafaɗata."

Suka bi bakin kanal, yana faɗa wa ramuka da gangan, rabin hankalinsa a kan hannunta da ke bisa cinyarta. Har gadar ƙarshe hannun bai motsa ba.

Da ya juya kan motar, ya ce su biya asibitin, yana son ya ga tsohuwar da idonsa. Rukayya ta ce wani abu, tana kallon shinkafar da ke gefen hanya. Ya ga leɓɓanta sun motsa. Ya rage gudu, ya karkato mata da kunnen dama.

"Sake faɗa, 'yata. Ban ji ba."